Faifan da Na Rataya a Gonar Gero

Shekara arba'in da ɗoriya muka yi da uwar 'ya'yana, ban taɓa jin ta musa wa babban mutum magana a gaban jama'a ba, sai ranar da likitan tiyata na babban asibitin birni ya ce yana so ya sake buɗe cikinta. Hajiya ta gyara mayafinta, ta dube shi cikin natsuwa, ta ce, "Likita, Allah ya saka maka da alheri. Amma an yanka ni sau ɗaya bisa yaƙini. Ba za a yanka ni na biyu bisa tsammani ba."

Wanda ya san Hajiya ya san cewa maganar ta ƙare ke nan.

Asalin al'amarin shi ne, shekara uku kafin wannan rana an same ta da sankarar mahaifa. Aka cire mahaifar, aka yi mata gashi da na'ura makonni da dama, ta sha wahalar da ba na son in tuna. Bayan wata shida aka ɗauki hoton cikinta a wani wurin ɗaukar hoto na kuɗi, aka ce ba a ga kome ba. Muka yi hamdala, muka koma ƙauyenmu da ke arewa da Tofa, ta ci gaba da kiwon awakinta da dakan daddawarta kamar ba ita ce ta kwanta ba.

A daminar da nake ba da labari, sai bayan gida ya fara yi mata wuya. Cikinta ya riƙa kumbura bayan ta ci tuwo, wuyan rigarta ya soma yi mata yawa. Muka ce basir ne, domin a wajenmu duk abin da ya shafi wannan ɓangare na jiki basir muke kiransa. Ta sha jiƙo, ta sha sassaƙe, abin bai ragu ba. 'Yar autarmu, wadda ke koyarwa a wata makaranta a Rijiyar Zaki, ita ce ta zo ganin gida, ta dubi mahaifiyarta sau ɗaya, ta shiga ɗaki ta haɗa mata kaya ba tare da ta nemi shawarar kowa ba.

A asibiti aka fara zura wata siririyar na'ura mai ido domin a leƙa cikin babban hanji. Aka ce cikinsa lafiya lau yake, ba miki ba tsiro, sai dai akwai wuri guda da ya tsuke. Sa'an nan aka ba ta wani ruwa ta sha, aka ɗura mata wani a jijiya, aka shigar da ita cikin na'urar nan mai kama da bakin rijiya a kwance, aka ɗauki sabon hoto. A hoton ne aka ga wani abu manne da hanjin ta waje. Likitan tiyata ya ce yana kyautata zaton tsohuwar cutar ce ta dawo, amma gashin da aka yi mata ma yakan bar tabo a wurin. Ya kuma ce in cutar ce, aka bar ta, wata rana za ta toshe hanyar ɗungurungum.

Hajiya kuwa kalma biyu ta riƙe: "kyautata zato". Kuma ta riƙe cewa an leƙa ciki ba a ga kome ba. Na lallashe ta, 'yarmu ta yi kuka, duk a banza. Da likitan ya ga haka, bai yi fushi ba. Ya rubuta 'yar takarda, ya ce mu gangara ƙasa mu nemi likitar da ke karanta hotuna, mu ji daga bakinta.

Ban taɓa sanin akwai likitan da aikinsa kallo ne kaɗai ba. Muka same ta a wani ɗaki mai sanyi wanda aka rage wa haske da gangan, gabanta allunan kwamfuta manya guda biyu. Mace ce da ba za ta girmi 'yata ta biyu ba, sanye da hijabi ruwan toka da tabarau. Ta miƙe tsaye ta gaishe mu, ta ba Hajiya kujerarta ita da kanta, ta jawo wani ɗan benci ta zauna. Wannan kaɗai ya sa na san an yi mata tarbiyya.

Ta ce, "Inna, an ce kin ƙi aiki."

Hajiya ta ce, "Ban ƙi aiki ba, 'yata. Tsammani na ƙi."

"To ai ni ma ba na son sa," in ji likitar. "Baba, ina hoton da aka ɗauka bayan aikin farko? In na aza shi gefen na yanzu, zan iya gaya muku ko abin nan tun da yana nan, ko kuwa baƙo ne."

A nan na ji zuciyata ta yi fari, domin in akwai abin da nake alfahari da shi, to adana takarda ne. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, goma sha biyu daga ciki ina shugaban makaranta, kuma ba a taɓa neman wata takarda a hannuna aka rasa ba. Na buɗe jakata ta fata, na zaro takardar sakamakon, tana cikin leda, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Na miƙa mata da hannu biyu.

Ta karanta har ƙarshe. Ta ce, "Ma sha Allah, Baba, kamar yau aka buga ta. Amma wannan abin da wani ya gani ne ya rubuta. Ni hoton kansa nake nema. Ba su haɗa muku da faifai ba? Na kwamfuta, zagayayye, mai walƙiya?"

Faifai kam sun haɗa mana da shi. Sai a lokacin na tuna inda na kai shi.

Dole in bayyana wani abu ga wanda bai san noma a ƙasarmu ba. Gonakinmu manne suke da juna, babu daji tsakaninsu, iyakar wani ita ce farkon ta wani, sai dai jerin gamba ko lalle da ke raba su. In gero ya fitar da kai ya fara ƙwaya, tsuntsaye jan-baki sukan sauko masa gungu-gungu, kuma duk wanda bai kare nasa ba, to na maƙwabta ma a kansa za su huce. A zamanin iyayenmu gwangwani da tsakuwa ake ɗaurawa a igiya. Daga baya aka koma zaren kaset. Yanzu kuwa babu abin da ya kai tsohon faifai: a zura masa zare ta ramin tsakiya, a ɗaure a kan sanda, iska ta riƙa juya shi yana wurga haske ko'ina. Ina da faya-fayen karatu da na wa'azi da dama a akwatin ƙarfe, na'urar da ke kunna su ta daɗe da mutuwa, jikoki sun zuba mini karatun duka a waya. Kwana goma sha biyu kafin wannan zama, na kwashe su gaba ɗaya na tafi da su gona. Na tuna sarai akwai ɗaya a cikin farar ambulan wanda aka yi wa rubutu da baƙin alƙalami. Na cire shi, na ajiye ambulan ɗin domin takarda ce, na zura masa zare.

A ganina a lokacin, ilimin yana cikin takarda, mai hatimi da sa hannu. Faifan kuwa na ɗauka kyauta ce irin ta 'yan kasuwa.

Ban iya ƙarya ba, kuma ban ga dalilin fara koyonta da furfura ba. Na faɗa musu gaskiya. 'Yarmu ta dafe kai. Hajiya ta juyo gaba ɗaya ta dube ni.

"Malam," ta ce, "wato cikina ka rataya wa tsuntsaye?"

"Hajiya, ban san cikinki ba ne."

"Shekara arba'in kana gaya mini kada in ƙunsa daddawa da takardar da ban san me aka rubuta a ciki ba."

Likitar ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa don dariya. Da ta ɗago, ba ta yi mini ko kallon raini ba. Ta ce mahaifinta ma manomi ne, kuma tana ƙarama ita ake sa wa warware zaren kaset. Nan take ta buga waya wurin da aka ɗauki tsohon hoton, aka ce mata sun sauya na'ura, na waccan shekarar duk ba sa nan. Ta ajiye wayar ta shiga yi mini tambayoyi kamar mai binciken sata: kwana nawa, ruwa nawa aka yi, a tsakiyar gona yake ko a gefe.

Ta ce, "Rana ce abokiyar gabarsa, ta fi ruwa. Baba, in ka same shi kada ka goge shi da bakin riga, kada ka kankare ƙasar da ke jikinsa. Naɗe shi cikin ƙyalle mai taushi yadda ka same shi. Ban yi maka alkawarin zai buɗe ba, amma mu gwada."

Washegari da sassafe na hau mota zuwa Tofa, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Ko gida ban shiga ba. Na kutsa cikin geron da babbar rigata, raɓa tana jiƙa ni, ina bin sanduna ɗaya bayan ɗaya ina kwancewa. Maƙwabtan gona suka daina aiki suka tsaya kallo, domin ba a taɓa ganin mai hankali yana sauke abin korar tsuntsu a makon da gero ya kusa isa tumu ba. Tara na kwance. Wasu sun koɗe, wasu fatar bayansu ta fara ɓarewa. Babu mai rubutun hannu a cikinsu.

Ina tsaye da su a hannu sai na ji murya daga ƙetaren gamba. "Kai bawan gidanmu, yau kuma tsuntsayen ka yi wa afuwa? Ko fansho ne ya yi yawa har za ka ciyar da su?"

Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda gonarsa ke gabas da tawa. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa ba mu yi wa juna tsiya ba. Ganin sa ne ya tuna mini cewa ranar da nake ɗaure-ɗauren ya zo ya roƙi guda huɗu, na ba shi ina gorin bai taɓa mallakar kome nasa ba.

Na ce, "Ina faya-fayen da na ba ka, ragon banza?"

"Kyauta ce za ka karɓe? Haka kuke, tsatsonku duka."

Na gaya masa abin da ake ciki. Nan da nan wasa ya bar fuskarsa, ya ce, "Subhanallahi, taho." Ya ja ni zuwa gindin tsamiyar da ke kusurwar gonarsa, inda yake shimfiɗa buzu ya wuni yana cewa gadi yake yi. Ashe ƙyuyar yanko sanduna ce ta hana shi kai su cikin gona, sai ya ɗaure su duka huɗun a reshen da ke bisa kansa, a inuwar da rana ba ta ratsawa. Tsuntsu ko ɗaya ba su taɓa kora ba. Na uku da na juya, sai ga sunan Hajiya da baƙin alƙalami, ruwa ya ɗan wanke wutsiyarsa.

Ya ce, "To, yau ka yarda lalacina ya yi rana?"

Na ce na yarda, kuma har gobe ban janye ba. Ya cire hularsa sabuwa, muka sa faifan a ciki, ya ce in tafi da ita.

Kafin azahar ta washegari muna gaban likitar. Abin da na gani a wannan zama shi ne dalilin wannan rubutu. Ta karɓi faifan da yatsu biyu ta gefe, ta kai shi famfo ta bar ruwa ya bi ta kansa a hankali, ta tsane shi da auduga daga tsakiya zuwa baki. Kwamfutar farko ta yi gurnani ta tofo shi. Ta biyu ma haka. Akwai mutane a waje suna jiran ta, ta leƙa ta ba su haƙuri, ta tafi wani ofis ta dawo rungume da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙura, ta ce tsofaffin sun fi haƙuri da abin da ya sha wuya. Muka zuba wa allon ido, Hajiya tana jan carbi. Can sai hotuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na sama, wajen ƙirji, sun lalace, wasu rabi, wasu baƙi ƙirin. Na mara kuwa suka fito sarai.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Inda muke so ke nan. Inna, matso kusa. Jikinki ne, ke ya kamata ki fi kowa gani."

Ta sa tsohon a allon hagu, sabon a na dama. Ta bayyana mana cewa na'urar tana nuna jiki ne yanka-yanka, kamar yadda ake yanka kuɓewa, kowane yanki da hotonsa. Ta riƙa murza wani ɗan abu da yatsa har ƙasusuwan ƙugu na hagu da na dama suka yi daidai da juna, domin ta tabbata wuri ɗaya muke kallo. Ni da farko toka-toka kawai nake gani. Ta bi da bakin alƙalami ta nuna mana mafitsara, ta nuna gurbin da mahaifa take a da, ta nuna hanjin yana lanƙwasowa ya kwanta daf da wannan gurbi.

A hagu, bangon hanjin siriri ne, akwai wani farin zare-zare kusa da shi, wanda ta ce shi ne tabon gashi. Tsakanin tabon da hanjin akwai wani baƙin layi, kitse ne in ji ta, shi ne iyaka. A dama kuwa layin nan ya ɓace a wuri guda. Wani dunƙule ya zauna a kansa, ya kama bangon hanjin ya jawo shi, ya yi masa kauri ta gefe ɗaya.

Hajiya ta daɗe tana kallo. Sa'an nan ta yi tambayar da ke cin ta. "To don me da suka leƙa ciki ba su gan shi ba?"

Likitar ta ce, "Inna, kuna da rijiya a gida?"

"Muna da ita."

"In saiwar bishiya ta taho ta ƙarƙashin ƙasa ta tokare ginin rijiyar ta waje, wanda ya leƙa daga sama me zai gani?"

"Ba zai ga saiwa ba," in ji Hajiya a hankali. "Sai dai ya ga bangon ya turo ciki."

"To haka suka gani. Cutar da ta tsiro a hanji daga ciki take farawa, mai leƙe yakan gan ta. Wadda ta taso daga mahaifa kuwa maƙwabciya ce, ta waje take zuwa, sai ta gama cin bango kafin ta bayyana a ciki. Wani lokaci ma ba ta jingina take zuwa ba, ƙwayoyinta ne ke zuba cikin ruwan ciki su gangara su taru a kwari. Na duba kwarin naki, na duba hanta, na duba 'yan ƙulluttan da ke bin jijiyoyi, ban ga kome ba. Nan kaɗai ne."

"Kin tabbata ba tabon ba ne ya kumbura?"

Na zaci za ta ce ta tabbata, domin ta samu abin da take so. Ba ta ce ba. Ta ce, "Sunansa na gaskiya sai an ciro shi an auna, wannan ba zan ɓoye miki ba. Abin da na tabbata shi ne shekara biyu da rabi da suka wuce babu shi, yau ga shi. Kina da wani tsohon tabo a jikinki?"

Hajiya ta janye hannun rigarta ta nuna ƙunar man gyaɗa da ta samu tun tana amarya.

"Tun da kika same shi, ya ƙaru?"

"Ƙanƙancewa ma ya yi."

Likitar ta gyaɗa kai. Ta bar ta da hotunan biyu. Na sha ganin masu ilimi, na zauna da malaman soro da na boko, kuma na san yadda sani yake sa mutum gaggawar rufe bakin na ƙasa da shi. Wannan baiwar Allah kuwa ta tsaya daidai inda saninta ya tsaya, ta faɗi abin da ido ya nuna, ta ƙi ƙara ko ƙwayar gero a kai, alhali ran mutum take ƙoƙarin cetowa kuma ƙarin zai taimake ta. Kwana uku ina roƙon Hajiya da hawaye da hadisi ban motsa ta ba.

Hajiya ta sa ɗan yatsanta a allon hagu, ta ɗauke, ta sa a na dama, kamar mai gwada tsawon yadi. Ta yi haka sau biyu. Sa'an nan ta sauke hannun rigarta.

Ta ce, "Ya ƙetare iyaka. Yaushe likitan zai samu dama?"

'Yarmu ta fashe da kuka. Hajiya ta ce mata ta yi wa mutane shiru, ba mutuwa aka yi ba. Ta juya ga likitar ta tambaye ta ko za ta kasance a ɗakin aikin. Likitar ta ce a'a, nata aikin a wannan ɗaki yake ƙarewa, amma za ta hau sama da kanta ta zauna da likitan tiyata, ta nuna masa inda zai shiga da abin da zai kiyaye, musamman bututun fitsari na hagu da ya ratsa kusa da wurin.

"To ki nuna masa da kyau," in ji Hajiya, "yadda kika nuna mini. Maza ba su cika sauraro ba."

Ranar Talata ta mako na gaba aka yi aikin. Aka yanke abin da bai kai taƙi guda ba na hanjin tare da dunƙulen, aka haɗa bakin biyu aka ɗinke. Da sakamakon awo ya fito, cutar ce, irin ta farko. Aka ɗora ta a kan magani na wasu watanni, gashin kanta ya zube ya sake fitowa fari fat.

Abin da na fi tunawa shi ne kwana na huɗu bayan aikin. Na shiga ɗakin mata da hantsi na tarar an tayar da ita zaune, ma'aikaciyar jinya tana ba ta ruwan kunu cokali-cokali, wanda shi ne abu na farko da ya shiga cikinta. Ta haɗiye, ta saurari jikinta. Ta karɓi cokalin daga hannun ma'aikaciyar, ta ce ta gode, za ta iya da kanta, kuma a gaya wa wanda ya dama kunun nan cewa tsamiyarsa ta yi kaɗan.